A Ina Shafinka Yake Kwana? Yadda Ake Bincikar Cibiyar Bayanai Kafin a Biya Kuɗin Hostin

Ranar da wata makarantar kuɗi a nan Gombe za ta saki sakamakon zangon ƙarshe, ko addu'ar bayan sallar asuba ban shafa ba wayata ta fara ruri. Shugaban makarantar ne. "Injiniya, lafiya kuwa? Iyayen yara sun hana ni sakat, wai shafin ya ƙi buɗuwa." Ni na gina musu shafin, ni kuma na zaɓi inda za a ajiye shi, don na ga araha. Na kira wanda ya sayar mana da hostin ɗin, wato hayar wurin ajiye shafin, ya ce in ba shi awa ɗaya. Awa ɗaya ta zama kwana uku. Ashe shi ma sari ya yi a wajen wani kamfani, kamfanin kuma haya yake yi a hannun wani can Turai. Da shafin ya dawo, makin da malamai suka shigar na mako biyu ya bi ruwa, domin kwafin ajiyar da ake ta cika mana baki a kansa a kan faifan da ya mutu yake zaune. Sai da malamai suka koma kan takardunsu suka sake shigar da komai ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ƙura ta lafa, dattijon ya dube ni ya ce, "Wai ni kam, shi wannan shafin namu a ina yake kwana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a intanet yake." Ya ce, "To ita intanet ɗin a wace unguwa take?" Aka yi dariya, amma shi ke da gaskiya. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi ba ya kai buhunan masararsa sito sai ya je ya ga rufin da idonsa, ya duba ko akwai gara, ya san wane ne maigadi. Mu kuwa sai mu ɗauki sunayen ɗalibai, da lissafin shago, da bayanan marasa lafiya, mu miƙa wa wanda ba mu san ko a wace nahiya ma'ajiyarsa take ba. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin hostin sai na bi waɗannan matakai.

Mataki na 1: Ka san abin da kake haya, da wanda kake haya a hannunsa

Shafin intanet tarin fayiloli ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana. Ita ce saba, wadda masu fassara ke kira uwar garke. Ba ta kama da kwamfutar ofis: shimfiɗaɗɗiya ce, ba allo, ana zura ta cikin wata doguwar durowar ƙarfe da ake kira rak. Faɗin gurbin galibi inci 19 ne a duniya, ana kuma auna tsayi da ma'aunin U, kowane U inci 1.75, rak ɗin da aka fi amfani da shi yana da U 42. Ginin da aka jera waɗannan durowoyi sahu-sahu, aka ba su wuta da sanyi da hanyar sadarwa da tsaro, shi ne cibiyar adana bayanai, ko data senta a bakin masu sana'ar.

Sau da yawa mai ginin daban, mai sabobin daban, wanda ya karɓi kuɗinka kuma daban. Sari ba laifi ba ne, ni ma na taɓa yi. Amma kowane hannu da aka ƙara tsakaninka da na'urar yana ƙara tsawon jira ranar da abu ya lalace, don kai za ka kira wane, shi ya kira wane, shi kuma ya aika saƙo ya zauna jiran amsa. Saboda haka tambayar farko ita ce: sabobin naku ne ko haya kuke yi, kuma a wane gini suke? Wanda ya san aikinsa zai faɗi sunan ginin da garin ba tare da inda-inda ba. Wanda ya ce maka "ai a gajimare suke", wato cloud, ba tare da ya faɗi wurin ba, ka gode masa ka ƙara gaba.

Hayar kanta iri-iri ce. Hostin na tarayya shi ne gidan haya mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya, mita ɗaya: shafuka ɗaruruwa a kan saba guda, idan maƙwabci ya kwaso baƙi kowa sai ya ji a jikinsa. VPS kamar ɓangarenka ne a babban gida, da ƙofarka da mitarka. Akwai kama saba sukutum, ba ka tarayya da kowa. Sai na huɗu, inda kai za ka sayi sabarka ka kai ta cibiyar su ba ta wuta da sanyi, kamar mai kai saniyarsa ruga kiwo: dabbar taka ce, kulawar tasu. Ƙaramin shago a kasuwar Wunti da ke son nuna kayansa kawai, na tarayya ya ishe shi. Makarantar da iyaye dubu za su afka wa shafinta a safiya ɗaya, ta nemi VPS.

Mataki na 2: Ka gano wurin da kanka

Gani ya kori ji. Ka nemi kamfanin ya ba ka sunan wani shafi da ke kan sabarsu, ko lambar IP ta gwaji, wato lambar adireshin saba a intanet. A kwamfuta mai Windows ka buɗe baƙin allon nan na cmd, ka rubuta nslookup ka bi shi da sunan shafin. Zai ba ka lambar IP. Ka sa lambar a ɗaya daga cikin shafukan da ke bayyana mamallakin IP, za ka ga sunan kamfanin da ya mallake ta da ƙasar da aka yi mata rajista. Lambobin Afirka hukumar AFRINIC mai hedikwata a Mauritius ke rabawa, na Turai kuma RIPE. A nan ne za ka ga kamfanin da ke tallar "hostin ɗin gida" lambarsa tana nuna Jamus ko Amurka.

Daga nan ka rubuta ping da lambar. Zai nuna maka tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, a ma'aunin ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan lissafi ba ya karɓar cin hanci, don haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, ba ya wuce haka. Ke nan kowane kilomita 100 yana cin ms 1 zuwa da dawowa. Wayar MainOne da ta taso daga Legas zuwa Fotugal ta ƙarƙashin teku tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, ita kaɗai ta ci ms 70 kafin a yi maganar nisan Gombe zuwa Legas, wanda ya haura kilomita dubu, da kuma jinkirin hasumiyar sabis ɗin wayarka. Hanya mafi sauƙi ita ce kwatantawa: ka gwada shafin da ka tabbatar a Najeriya yake, ka gwada nasu, a kan layi ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan nasu ya ɗara da ms ɗari ko fiye, sabar ta haye teku.

Umarni na uku shi ne tracert, wanda ke jero maka zangon da saƙo ya yada a hanya. Ka lura da sunayen zangon, sau da yawa suna ɗauke da haruffan filin jirgin saman garin: los Legas ce, lhr ko lon Landan, fra Frankfurt, ams Amsterdam. Abu biyu za su iya ruɗa ka. Wasu sabobin an hana su amsa ping, shirunsu ba mutuwa ba ce. Sannan idan shafin yana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu shigarsa don kariya da sauri, lambar da za ka gani ta Cloudflare ce, kuma da yake suna da na'urori a Legas sai ka zaci komai a gida yake, alhali asalin sabar tana wata uwa duniya. Shi ya sa na ce ka nemi lambar sabar kanta.

Mataki na 3: Wuta

A nan zan daɗe, domin a ƙasar nan wuta ita ce rabin maganar. Mu da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke ba Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai, ba sai an yi mana wa'azi a kan ɗaukewar wuta ba. Ga madatsar Dadin Kowa a bayan gida da injinan megawat 40, amma wutar babban layin ƙasa take shiga, idan ya faɗi mu ma duhu.

Saba ba ta jure ko ƙiftawar wuta. Idan ta mutu tana tsakiyar rubutu a faifai, bayanan na iya gurɓacewa, tashinta kuma ya ɗauki mintuna. Don haka cibiya ta gaskiya tana jera kariya hawa-hawa. Wutar gwamnati ko ta janareta ba ta shiga saba kai tsaye, sai ta bi ta UPS, wato ɗakin batura mai tace wutar, mai kuma riƙe komai na 'yan mintuna idan an ɗauke. Aikin baturan ba su kwana suna ba da wuta ba ne, gada ce kawai. Cikin daƙiƙu kaɗan wata na'urar sauya layi mai aiki da kanta za ta tada janareta ta miƙa masa kayan. Kowace saba mai daraja tana da wayar wuta biyu, kowace daga layi daban, ta yadda ko an kashe ɗaya don gyara ba za ta sani ba.

Za ka ga suna rubuta N+1 ko 2N. N shi ne adadin da ake buƙata don ɗaukar kayan. Idan janareta uku ake buƙata aka girke huɗu, N+1 ke nan, akwai ɗaya na ko-ta-kwana. Idan aka girke shida a layi biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, 2N ke nan. Ka tambaye su wanne suke da shi a janareta, wanne a UPS. Ka tambayi tankin man gas ɗinsu na kwana nawa ne idan ba wuta sam, da dillalai nawa ke kawo musu. Wanda ya ga layin mai a ƙasar nan ya san dalilin tambayar. Sai tambayar da na fi so, wadda ke bambance masu aiki da masu talla: yaushe rabonku da ku kashe wutar gwamnati da gangan ku ɗora wa janareta dukkan kayan don gwaji? Janareta da ake tayarwa ba kaya a kansa kamar dokin da ake zagayawa da shi a barga ne, ba ka san ƙarfinsa ba sai ranar hawan sallah.

Bari in ratse kaɗan, don ana yawan tambayata: me zai hana mu sayi saba mu ajiye a ofishinmu, ga sola ga inbata? Mu yi lissafi. A ce sabar tana jan wat 400. A yini ta sha kilowat-awa 9.6, a wata 288. A farashin wuta na rukunin A da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane kilowat-awa ɗaya, ka tashi da naira 64,800, ita kaɗai, ba a sa na'urar sanyaya ɗakin da za ta yi ta aiki ba hutu ba, ba a sa batura ba, ba a sa kuɗin layin intanet mai tsayayyar lambar IP ba, ba a sa wanda zai taso ƙarfe biyun dare idan ta tsaya ba. Sabar cikin gida tana da amfani ga abin da ma'aikatan ofis kaɗai ke amfani da shi, kamar ɗakin jarrabawar kwamfuta. Amma shafin da jama'a za su shiga daga waje, ban ba ka shawara ba.

Mataki na 4: Sanyi da ƙura

Kusan duk wutar da saba ta sha zafi take zama. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Ka kwatanta da watan Afrilu a Gombe, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Idan na'urorin sanyi suka tsaya a ɗaki cike da sabobi, cikin mintuna zafin zai hau har na'urorin su fara kashe kansu. Don haka su ma na'urorin sanyin sai an yi musu N+1, kuma dole su kasance a kan janareta.

Idan ka samu shiga ciki, ka lura da jerin. Ana sa rak su fuskanci juna, lungu ɗaya na iska mai sanyi inda sabobi ke shaƙa, na bayansa na iska mai zafi inda suke fitarwa, ba a bari su gauraya. In ka ga wayoyi a cukurkuɗe sun toshe bayan rak, ko kwalaye jibge a ɗakin, ka san irin riƙon da ake yi wa wurin.

Mu 'yan Arewa muna da ƙarin abokin gaba, hunturu. Ƙurarsa tana toshe fankokin na'ura, bushewar iskarsa kuma tana haifar da tartsatsin nan da ke ɗan cizonka idan ka taɓa ƙofar mota ko ka yaye bargo da dare. Kai ba ya yi maka komai, amma yana iya ƙona ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ya sa cibiya ke tace iska tana kuma daidaita damshinta. Ka tambaye su batun wannan idan cibiyar a Abuja ko Kano take.

Mataki na 5: Hanyoyin shiga da fita

Cibiyar da ke da wuta da sanyi amma layinta ɗaya ne, tamkar kasuwa ce mai ƙofa ɗaya. Ka tambayi kamfanonin sadarwa nawa ne suka shigo da fayibarsu ginin, kuma ta hanya ɗaya suka biyo ko daban-daban. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, don in duk a rami ɗaya aka binne su, katafila ɗaya ta masu aikin titi ta isa ta tsinke su gaba ɗaya. Cibiyoyin da ba na wani kamfanin sadarwa ba ne, waɗanda ke barin kowa ya shigo, sun fi ba da zaɓi.

Yawancin manyan cibiyoyin ƙasar nan a Legas suke, ba don komai ba sai don a can wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka. SAT-3 ce tsohuwarsu, sai MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano ta Google ta iso a 2022, 2Africa ta biyo baya. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai cibiyar MainOne a Lekki wadda ta koma hannun kamfanin Equinix na Amurka da ya sayi MainOne a 2022 kan dala miliyan 320. Galaxy Backbone, na gwamnatin tarayya, yana da cibiya a Abuja da wata a Kano.

Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024? Wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a teku daura da gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi ta rarrafe a Afirka ta Yamma, manhajojin wasu bankuna suka ƙi aiki, aka ɗauki makonni kafin a kammala gyara. Wanda shafinsa ke Turai, lafiyar sabarsa ƙalau, amma mutanen Bauchi da Gombe da ya gina shafin dominsu da ƙyar suke isa gare ta.

Maganin wannan shi ne IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya da aka kafa a 2006. Tasha ce inda kamfanonin sadarwa na cikin gida ke musayar saƙonni kai tsaye. Kafin a samu irinta, saƙo daga wani layi zuwa wani a gari ɗaya yana iya zuwa Landan ya dawo, kamar mai zuwa Kumo daga Gombe ya bi ta Maiduguri. Tana da rassa a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal da Inugu. Ka tambayi kamfanin hostin ko hanyarsu tana haɗe da IXPN. Idan sabar tana Najeriya amma ba ta haɗe, rabin amfanin zamanta a gida ya tafi. A nan kuma ka tambayi kariyar da suke da ita daga harin cunkoso, inda miyagu ke turo wa saba buƙatun bogi miliyoyi har ta kasa amsa na gaske. A hostin na tarayya, ko maƙwabcinka aka nufa kai ma ka shiga uku.

Mataki na 6: Gobara da tsaro

Ba a kashe wutar ɗakin saba da ruwa in da hali, iskar gas ta musamman ake saki, irin su FM-200, bayan na'urorin shinshinar hayaƙi sun ankarar tun wuta ba ta kama ba. Shiga kuma sai da kati da zanen yatsa, ga kyamarori, ga rajistar duk wanda ya shiga. Idan sun ce suna da shaidar ISO 27001 ta tsaron bayanai, ka nemi ganin takardar ka duba sunan wa ke jiki da ranar ƙarewarta.

Mataki na 7: Ka iya karanta alƙaluman talla

Kowa yana rubuta cewa sabarsa tana aiki kashi 99 da ɗoriya cikin ɗari. Ka mayar da shi awoyi. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 99 yana nufin sun yarda shafinka ya mutu na awa 87.6, fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 awa 8 da minti 46 ne. Kashi 99.99 kuwa bai kai awa ɗaya ba, kimanin minti 53. Sannan ka karanta yarjejeniyar ka ga me za su ba ka idan sun saɓa. Galibi ragin kuɗin wata mai zuwa ne, ba diyyar cinikin da ka rasa ba, kuma lokacin da suka kashe don gyaran da suka sanar ba ya shiga lissafi.

Sai kalmar Tier, wato matakin ingancin cibiyar bayanai, wadda cibiyar Uptime Institute ta Amurka ke ba da shaidarta, hawa huɗu. Na 1 layi ɗaya ne ba madadi. Na 2 yana da wasu kayan ko-ta-kwana. Na 3 shi ne wanda za a iya gyara ko sauya kowane ɓangare ba tare da an kashe sabobi ba. Na 4 ko wani ɓangare ya lalace ba zato aiki ba zai tsaya ba. Ga kusan kowa a cikinmu na 3 ya wadatar. Sai dai a kula da wayon 'yan talla. Shaidar zanen gini daban, shaidar ginin da aka kammala aka gwada daban. Akwai kuma masu cewa "an gina shi daidai da Tier III", wanda ke nufin ba wanda ya zo ya duba. Uptime Institute tana wallafa sunayen waɗanda ta ba shaida a shafinta, minti biyar ya isa ka tabbatar.

Kada ka tsaya kan alkawarinsu. Ka biya na wata ɗaya tak, ka ɗora shafin gwaji, ka sa shafin sa ido na UptimeRobot ya riƙa leƙa shi duk minti biyar, kyauta ne, zai aiko maka saƙo duk sanda ya faɗi. Ka kuma aika wa sashen taimakonsu tambaya ranar Asabar da tsakar dare ka ga yaushe za su amsa, kuma mutum ne ya karanta ko amsar gwangwani ce. Sai bayan nan ka yi maganar biyan shekara.

Mataki na 8: Gida ko waje?

Ba na cikin masu cewa dole sai gida. Cibiyoyin Turai sun fi araha a kan abin da suke bayarwa, wutarsu kuma ba abin fargaba ba ce. Amma da dala ko yuro ake biya, kuma duk wanda ke sabunta hostin tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023 ya san yadda kuɗin ya ninka ba tare da an ƙara masa komai ba. Ra'ayina shi ne ka bi inda masu shiga shafinka suke. Mai sayar da zobo ko riɗi ga 'yan kasuwar waje, Turai ta yi masa. Makaranta, asibiti, ƙungiyar manoma, jaridar Hausa da masu karatunta ke Azare da Billiri da Misau, gida ya fi. Idan kuma kana riƙe bayanan mutane, akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje, ƙa'idojin hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa kuma sun tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Mai neman kwangilar ma'aikata ya san da wannan tun kafin ya rubuta farashi. Akwai tsaka-tsaki: saba a waje, Cloudflare a gaba yana riƙe hotuna da shafukan da ba sa canzawa a Legas. Yana taimaka wa shafin labarai sosai, amma shafin duba sakamako, da kowane ɗalibi ke neman nasa daban, dole saƙon ya je har asalin sabar.

Mataki na 9: Kwafin da ke hannunka

Za su ce maka suna da RAID. Ma'anarsa ana rubuta bayanai a faifai fiye da ɗaya lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba. Abu ne mai kyau, amma ba kwafin ajiya ba ne. Idan ka goge abu bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle fayilolinka, nan take ɓarnar za ta hau dukkan faifan.

Ko kwafin gaske ma, sai ka tambayi inda yake. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin hostin na Turai. Shafuka miliyoyi suka ɗauke, wasu kuma suka rasa bayanansu har abada saboda kwafin nasu a harabar guda yake. Idan haka ta faru a Faransa, kai da ke haya a hannun ɗan sari ba ka da hujjar sakin jiki.

Tambayoyin su ne: sau nawa kuke ɗaukar kwafi, na kwana nawa kuke riƙewa, a wane gini yake, kuma nawa ne kuɗin dawo da shi? Duk amsar da suka bayar, ka bi ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, ɗaya a sabar, ɗaya a Google Drive ko makamancinsa, ɗaya a faifan da ke durowarka. Idan cPanel kake amfani da shi, wato allon sarrafa hostin, akwai wurin sauke cikakken kwafi. Wanda ya gina shafinsa da manhajar WordPress ya tabbatar ya haɗa da rumbun bayanan, ba fayiloli kaɗai ba, don a rumbun ne rubuce-rubuce da sunaye da maki suke. Wannan kuskuren na ga mutane da yawa sun yi shi.

Sunan shafin ma ka riƙe shi da kyau. Ka yi rajistarsa da sunanka ko na ma'aikatar, da imel ɗin da kuke iko da shi, ba na yaron da ya gina shafin ba. Masu ƙarewa da .ng hukumar NiRA ke kula da su ta hannun dillalan da ta amince da su. In da hali ka sayi sunan a wani kamfani, hostin a wani. Ranar da kuka ɓata da mai hostin, sai ka shiga saitin DNS, inda ake haɗa sunan shafi da lambar IP, ka juya sunan zuwa sabuwar saba, ba sai ka roƙi kowa ba. Kwana ɗaya kafin ƙaura ka rage lambar TTL, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohon adireshin, zuwa daƙiƙa 300 don canjin ya bazu da wuri, kada kuma ka rufe tsohon wurin sai sabon ya yi mako yana aiki.

Saura gwaji, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ni Asabar ɗin farkon kowane wata na ware. Ina sauke kwafin, in girka shi a kwamfutata da XAMPP, manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aikin saba, in buɗe shafin, in nemi abu na ƙarshe da aka shigar, sunan ɗalibi ko rasit ɗin jiya. Idan na gan shi, sai in rubuta kwanan wata a 'yar takardar da na manna a jikin faifan in mayar da shi durowa. Idan ban gan shi ba, a ranar nake kiran kamfanin, tun sabar tana da rai.